PSS ya ƙi zama a kan VCO mai dibaida: daga ina za a fara bincike?

Abba:
Salamu alaikum, manyanmu na wannan zaure. Ina da VCO, wato osileta da bolteji ke sarrafa mitarta, na LC (tankin indakta da kafasita) mai kaɗawa a 4.8 GHz, an ɗaura masa dibaida ta CML mai raba mita gida biyu, sannan akwai madauki mai kula da girman kaɗawar, wanda ke auna ƙololuwar sigina yana gyara karan ɗin wutsiya. Tiransiyan, wato kwaikwayon da'irar taki-taki a kan lokaci, yana tafiya lafiya lau. Amma PSS na manhajar Spectre, wato binciken gano yanayin da'ira mai maimaita kansa a kowane zagaye, ta hanyar harbi (shooting), ya ƙi zama, lissafin bai kai ga amsa ba. Na ba shi fund=4.8G (mitar tushe), tstab=50n (tiransiyan ɗin share fage kafin harbi), errpreset=moderate, nod ɗin osileta kuma na zaɓi ƙafafun tanki biyu. Conv norm, ma'aunin kuskuren da ake so ya sauko ƙasa da 1, yana nan cikin dubbai, ya ɗan sauka ya koma, har maxperiods, iyakar yawan gwaji, ya ƙare. Nod ɗin da log ke ambata a max dV kullum fitar dibaida ce, bambancin kuma kusan milibolt 600. In ƙara maxperiods ne, ko in sassauta reltol, haƙurin kuskuren lissafi?

Injiniya Sabo:
Wa alaikumus salam. Kada ka taɓa ko ɗaya cikin biyun, ƙanena. Log ɗin ya riga ya faɗa maka amsar. Abin da hanyar harbi ke nema shi ne yanayin farko wanda idan da'ira ta tashi daga gare shi ta yi zagaye guda, kowane nod da kowane karan na indakta zai dawo daidai inda ya fara. Kai kuma ka ce masa zagayen na 4.8 GHz ne, wato kusan pikosakan 208. A cikin wannan lokaci tanki ya kammala zagayensa, amma dibaida rabi kawai ta yi: ta fara a sama ta ƙare a ƙasa. Wannan milibolt 600 da kake gani faɗin lilon dibaidar ne gaba ɗaya. Ko zagaye dubu ka ba shi ba zai samu amsa ba, domin babu amsar a wannan zagayen.

Sa fund=2.4G. Ka mayar da nod ɗin osileta kan fitar dibaida guda biyu, domin daga nan ne zai ƙiyasta tsawon zagaye a ƙarshen tstab, kuma kana so ya ƙiyasta na mafi ƙanƙantar mita. Ka kuma tuna cewa daga yanzu siginar tanki ta zama hamonik na 2, don haka in ka zo pnoise, binciken hayaniya, a kan tanki, sai ka nuna masa hamonik na 2, in ba haka ba hayaniyar da za ka karanta ba ta wurin da kake nufi ba ce.

Malama Rabi:
Ƙari a kan na Injiniya: maxstep, iyakar tsawon takin lokaci. Tunda fund ya koma 2.4G, matakin da injin zai zaɓa da kansa ya danganta da dogon zagayen, alhali abin da ke gudu a ciki ya ninka shi biyu, ga kuma gefunan dibaida masu kaifi. Sa maxstep kamar pikosakan 1, ka samu maki wajen 200 a kowane zagayen tanki. Kuma kunna saveinit=yes tun yanzu. Ba tare da shi ba, ba ka ganin abin da ya faru a cikin tstab, sai zato.

Abba:
Allah ya saka da alheri. Na gyara fund da nod ɗin, dibaida ta daina fitowa a log. Yanzu conv norm yana sauka har wajen 40, sai ya yi tsalle ya koma ɗaruruwa. Nod ɗin da yake ambata ya koma na kafasitar ma'aunin ƙololuwa. Rezista 200k ce da kafasita 5p a wurin.

Nura:
To ai shi ke nan, tstab ne ya yi kaɗan. 200k sau 5p mikirosakan 1 ke nan, kai kuma ka ba shi nanosakan 50. Ba shi ninki biyar, tstab=5u, ka je ka sha shayi.

Dakta Lami:
Malam Nura, lissafinka daidai ne, amma ba na so Abba ya tafi da fahimtar cewa duk nod mai jinkiri sai an jira shi. Da haka ne, da ba a ƙirƙiri PSS ba, da tiransiyan ya wadatar. Dalilin da ya sa Aprille da Trick suka kawo hanyar harbi da lissafin Newton a 1972 shi ne a tsallake wannan jiran. Idan abin da ke jinkirin miƙaƙƙe ne, kamar matatar RC a kan layin bayas, Newton na lissafa inda zai ƙare a taki ɗaya ko biyu ko da lokacinsa ya kai milisakan.

Matsalar ma'aunin ƙololuwa daban ce. Yana caji ne kawai a ɗan lokacin da sigina ta haura abin da ke kan kafasita. In bolteji na kafasitar ya yi ƙasa, ana zuba masa caji da yawa. In ya haura ƙololuwa, ba a zuba komai, sai zubewa ta rezista. Newton na ɗaukar gangaren da ya gani a inda yake, ya miƙe shi. Ga kuma abin da ke ƙara dagula shi: zagaye guda pikosakan 417 ne, lokacin nod ɗin mikirosakan 1, saboda haka a zagaye ɗaya nod ɗin na rage kashi 0.04 cikin ɗari ne kacal na tazarar da ta rage masa. Mai ninkin Floquet ɗinsa, wato kason tazarar da ke saura bayan zagaye guda, kusan 0.9996 ne. Newton yana raba ragowar kuskure da ɗaya-ban-da-wannan, wato yana ninka shi kusan sau 2400. Ɗan kuskure kaɗan a gangare sai ya zama babban tsalle, ya jefa kafasitar sama da ƙololuwa, inda gangaren ya canza gaba ɗaya. Tsallen da Abba ke gani daga 40 zuwa ɗaruruwa ke nan.

Don haka abin da ake buƙata shi ne a kawo nod ɗin kusa da mazauninsa kafin harbi ya fara. Dogon tstab hanya ɗaya ce, amma ita ce mafi tsada.

Nura:
Na yarda da bayanin, Dakta. Amma tsada nawa? Mikirosakan 5 da maxstep na 1p taki miliyan 5 ne. A kan sikimatik ba wani abu ba ne.

Dakta Lami:
A kan sikimatik, kusurwa ɗaya (corner, haɗin yanayin ƙira, zafi da bolteji da ake gwadawa), haka ne. Bari a fitar da leyawut mai nod dubu ɗari, a ce kusurwoyi 30 da lambobin bankin kafasita 16, sannan ka sake lissafin.

Injiniya Sabo:
Hanyoyi biyu masu sauƙi. Ta farko, ka gudu da tiransiyan sau ɗaya har komai ya kwanta, ka ajiye yanayin ƙarshe da writefinal, ka karanto shi cikin PSS da readic, sai tstab ɗan gajere, zagaye 50 zuwa 100. Ta biyu, wadda ta fi dacewa da kusurwoyi: ka ɗora ic, wato ƙimar farawa, a kan kafasitar ma'aunin da nod ɗin ƙofar tiransistar wutsiya, da ƙimar da kake tsammani. Ba sai ta yi daidai cif ba, in ta shigo cikin milibolt 20 ko 30 yawanci Newton na ƙarasawa.

Akwai masu rage kafasitar ninki goma don ta yi saurin kwanciya. Wannan yana da amfani wajen samo yanayin farko kawai. Kada ka bar ta a rage ka gudu da pnoise, domin faɗin madaukin girman kaɗawa ya canza, hayaniyar kusa da ainihin mitar kaɗawar (carrier) ma za ta canza.

Malama Rabi:
Kafin duk wannan, Malam Abba, buɗe abin da saveinit ya ajiye daga dogon gudu guda, ka zuƙo baya har ka ga ambulan ɗin kaɗawar, ba zagaye ɗaiɗai ba. Tambayar ita ce, yana kwanciya kuwa? Madaukin girman kaɗawa yana da sanduna (poles, wuraren jinkiri) biyu aƙalla: ɗaya daga RC na ma'aunin, ɗaya daga ambulan ɗin tanki kansa, wani lokaci da na uku daga matatar bayas. In ribar madaukin ta yi yawa, ambulan ɗin zai riƙa kumbura yana sacewa a 'yan MHz, ba ya tsayawa. Mutum ya kalli nanosakan 20 na ƙarshe ya ga sigina tsaf ya ce tiransiyan lafiya, alhali da'irar tana da mita biyu marasa alaƙa. Irin wannan ba ta da amsar PSS a 2.4 GHz da za ta zauna a zahiri, kuma gyaran na da'ira ne, ba na saitin injin ba.

Abba:
Na duba, Malama. Ambulan yana haurawa sau ɗaya, ya ɗan dawo, ya kwanta wajen mikirosakan 3, babu lilo bayan nan. Da ic a kan nod biyun da tstab=100n, conv norm ya sauka 12, 3, 1.8, sai ya maƙale yana yawo tsakanin 1.3 da 2. Wani abokin aiki ya ce in ɗaga steadyratio kawai ya wuce.

Nura:
A wannan matakin ni ma haka zan ce. Tsakanin 1.3 da 1 ai babu nisa.

Dakta Lami:
A nan ma ina da ja. Ɗaga steadyratio daga inda yake zuwa ninki biyu ko uku ba laifi ba ne in ka san da'irarka. Amma a da'ira mai nod irin na Abba, hatsari ne a saba da shi. Ma'aunin da PSS ke dubawa shi ne bambancin farkon zagaye da ƙarshensa, idan aka kwatanta da reltol sau girman sigina haɗe da vabstol, sannan a ninka da steadyratio da lteratio. Ku dawo kan kashi 0.04 ɗin nan. Idan kafasitar ma'aunin tana nesa da mazauninta da milibolt 100 cur, a zagaye ɗaya mikirobolt 42 kawai za ta motsa. Kamar mai cika randa da cokali ne, in ka leƙa tsakanin cokali ɗaya da na biyu za ka rantse ruwan bai motsa ba. Ka sassauta ma'aunin har ya kai kusan milibolt 1, injin zai ce ya zauna, girman kaɗawa kuma ba daidai ba, hayaniyar fes da za ka lissafa a kai ma ba daidai ba, kuma babu gargaɗin da zai fito.

Yawo a kusa da 1 yawanci alama ce ta cewa kuskuren haɗa lissafin lokaci ya fi abin da ake nema girma. Kowane zagayen Newton yana zaɓar matakan lokaci daban kaɗan, sai ƙarshen zagaye ya riƙa rawa da ɗan abin da ya fi ma'aunin. Maganinsa a matse, ba a sassauta ba: errpreset=conservative, ko reltol daga 1e-3 zuwa 1e-4 ko 1e-5, a rage maxstep zuwa rabin pikosakan. Mutane na jin abin banbaraƙwai, wai lissafi ya ƙi zama kuma a ƙara tsanantawa, amma a PSS sau da yawa haka yake.

Injiniya Sabo:
Sai kuma wani abu da ba ya cin komai: matsar da tstab kaɗan. Inda tstab ya ƙare nan ne zagayen harbi ke farawa. In ya faɗo daidai lokacin da lach ɗin dibaida ke juyawa, yanayin farko yana kan tsini, mikirobolt kaɗan na sauya lokacin juyawar. Ƙara kamar pikosakan 50, wato rubu'in zagayen tanki, ka gwada 100.05n. A da'irori masu agogo, irin su kafasita mai sauyawa da kwamfareta, wannan shi ne abu na biyu da ya kamata a gwada bayan an tabbatar da fund: a sa farkon zagaye a tsakiyar lokacin da agogo ke kwance.

Abba:
Alhamdu lillahi. Da conservative, maxstep=0.5p da tstab=100.05n ya zauna a zagayen Newton na 7. Mitar da ya bayar ta yi daidai da ta dogon tiransiyan, bolteji na ma'aunin ma haka.

Malama Rabi:
Madalla. Riƙe wannan kwatancen na ƙarshe a matsayin ƙa'ida, musamman bolteji na nod mai jinkiri. Ka kuma duba girman hamonik na 2 a kan tanki. Osileta mai ƙafa biyu daidai-wa-daida tana da wata amsa ta banza, wato ta tsaya cik a DC, kuma wannan ma yana cika sharaɗin farko daidai da ƙarshe. A kusurwar da tiransista ba ta da sauri, inda tashi ke jinkiri, in babu abin da ya ture ta, tstab zai ƙare ba ta tashi ba. Sa ic na bambancin milibolt 100 ko fiye tsakanin ƙafafun tanki, ko ɗan bugun karan a farkon lokaci.

Ɗanjuma:
Ku gafarce ni in shigo da nawa tunda manya na kusa. Osileta ta kiristal ce, nau'in Pierce, 26 MHz. Harbi ba ya ko kusantar zama, tstab kuma ko mikirosakan 50 na ba shi girman kaɗawar bai fi 'yan milibolt ba.

Injiniya Sabo:
Ba zai fi ba. Lokacin ambulan na resoneta Q ne, wato ma'aunin ingancinta, a raba da pi sau mita. Ka ɗauki Q na 100,000 a 26 MHz, milisakan 1.2 ke nan, zagaye kusan 32,000, kuma tashi daga hayaniya na cin ninkin wannan ko ƙasa da shi gwargwadon yadda rezistans na negatif ya rinjayi Rm, rezistans ɗin asarar kiristal ɗin. Ba a jiran kiristal. Ana ɗora ic na karan a kan indaktar reshen motsi, Lm. Ƙimar kuma daga ƙarfin tuƙi ake samo ta: in Rm ohm 20 ne kuma kana tsammanin mikirowat 50, karan ɗin miliamfa 1.6 ne a rms, ƙololuwa wajen 2.2. Sa wannan, ka ba shi zagaye ɗari ko biyu don sauran da'ira ta bi.

Amma gaskiya wannan aikin HB ne, wato harmonic balance, hanyar da ake bi a madadin harbi. Siginar kusan sayin ce, Q ya yi yawa, HB kuma ba ruwansa da tsawon lokacin kwanciya tunda a fagen mita yake aiki. Hamonik 10 zuwa 15 sun isa ga zuciyar osileta. In bafa mai murabba'in sigina na cikin da'irar sai ka ƙara sosai.

Dakta Lami:
Malam Ɗanjuma, in ka tsaya a kan harbi akwai tarkuna biyu. Na farko method. Gear2 yana shanye kuzari ta hanyar lissafi, kaɗan ne a kowane taki, amma a resoneta da asararta ta gaskiya ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu goma a zagaye ba, wannan kaɗan ɗin na iya fin Rm tasiri, har kaɗawar ta mutu. Yi amfani da traponly, aƙalla a tstab, da ƙananan matakai. In ka ga karan yana zigzag daga maki zuwa maki, wannan ringin ɗin tirafizoyid ne, sai a rage taki.

Na biyu ya fi ɓuya. Da Q da Rm ɗin da Injiniya ya kawo, Lm wajen milihenri 12 ne, riyaktans ɗinsa a 26 MHz kusan megaohm 2. Ninka da miliamfa 2.2: nod ɗin da ke tsakanin Lm da Cm, kafasitar reshen motsi, yana lilo da fiye da bolt 4,000. Ba kuskure ba ne, haka samfurin yake. Amma in relref yana kan sigglobal, ana auna haƙurin kowane nod da mafi girman bolteji a duk da'irar, sai kashi ɗaya cikin dubu na bolt 4,000 ya zama bolt 4, ya fi wutar da'irar taka gaba ɗaya. Sa relref=alllocal, kowane nod a auna shi da girman kansa.

Ɗanjuma:
Allah ya ƙara ilimi, Dakta. Wannan na biyun ne ke sa sigina ta fito da kusurwoyi ke nan.

Nura:
Tunda an ambaci HB, kada a ɗauka shi ne mafita ko'ina. A da'irar Abba da dibaida, ko duk inda gefe ke da kaifi, yawan hamonik ne ke kashe shi. Agogon 1 GHz mai hawan pikosakan 20 yana da faɗin mita wajen 0.35 a raba da 20p, wato 17.5 GHz. Hamonik 18 ne mafi ƙaranci, a aikace 30 zuwa 50, da oversample 2 ko 4. In ka ba shi 7 zai ƙi zama, ko ya zauna da sigina mai rawa a gefuna. Inda HB ya fi ƙarfi shi ne in akwai fayil ɗin S-faramita na indakta ko fakej. A harbi sai an mayar da nport samfurin lokaci, kuma in bayanan ba su sauko kusa da DC ba, ko ba su kai hamonik na sama ba, ko suna nuna riba a abin da bai kamata ya yi riba ba, taki zai riƙa raguwa har gudun ya tsaya.

Hauwa:
Nawa ko farawa ba ya yi. Yana cewa akwai ɓoyayyen yanayi a wani modul na Verilog-A (harshen rubuta samfurin da'ira), filif-filof ne na dibaida da muka rubuta. Na ga ana cewa a sa alamar ignore_hidden_state.

Malama Rabi:
Kada ki sa ta a kan filif-filof, ƙanwata. Newton yana gyara abin da yake gani ne kawai: boltejin nod da karan ɗin reshe. Canji (variable) da aka ajiye a cikin @cross ya riƙe ƙimarsa daga taki zuwa taki yanayi ne na da'ira da injin bai san da shi ba, ba zai iya saita shi a farkon zagaye ba, kuma pac (binciken ƙaramar sigina a kan PSS) da pnoise ba za su bi ta cikinsa ba. Alamar ta dace da modul da ke aunawa ko rubuta fayil kawai, wanda ba ya mayar da komai cikin da'ira. Na filif-filof sai a sake rubutu: a ajiye yanayin a kan nod na ciki mai kafasita, da ddt, a riƙa tura shi sama ko ƙasa da aiki mai santsi kamar tanh. Ko a sa na tiransista kawai, in ƙarami ne.

Injiniya Sabo:
Ki kuma duba nod masu shawagi in an fitar da leyawut. Nod da kafasita kaɗai ke riƙe da shi, babu hanyar DC, mai ninkinsa 1 ne cif, kowane bolteji amsa ne, matiriks ɗin harbi ya zama ba ya juyuwa. Rezista gigaohm 1 zuwa ƙasa ta isa, in dai ba nod mai tasiri a hayaniya ba ne. Sannan tushen agogo: a rubuta period a matsayin 1/fclk da canji ɗaya da fund ke amfani da shi. Wanda ya rubuta 333.3p da hannu ya sa fund=3G ya riga ya saka saɓani a kowane zagaye.

Dakta Lami:
Abu ɗaya da ban so a tashi ba a faɗe shi ba, saboda masu aikin wutar DC-DC da ke karantawa. Zaman PSS ba shaida ba ce cewa da'irar za ta zauna a wannan yanayin. Newton na neman inda farko ya yi daidai da ƙarshe, bai damu ko wurin mai ɗorewa ne ba. Ɗauki bok, wato mai rage bolteji, mai sarrafa ƙololuwar karan, daga bolt 5 zuwa 3.3, diyuti kashi 66. Ba tare da gangaren diyya ba, duk ɗan kaucewar karan ɗin indakta ana ninka ta da D (diyutin) a kan ɗaya-ban-da-D a kowane zagaye, da juyin alama, wato kusan 1.9. Da'irar gaske za ta koma bugu ɗaya dogo ɗaya gajere, a rabin mitar sauyawa ko ma ba tsari. PSS kuwa na iya ba ka sigina tsaf a mitar sauyawa, musamman in tstab gajere ne. A ɗauki yanayin da PSS ya bayar a fara tiransiyan da shi, a bar shi zagaye ɗari biyu ko uku, a ga ko yana nan. In ya kauce, a ƙara gangaren diyya zuwa aƙalla rabin gangaren saukar karan ɗin indakta, a sake.

Su sigma-delta da PLL mai rabon ɓangare kuwa, da bok mai tsallake bugu a ƙaramin lodi, yawanci ba su da gajeren zagaye da za a nema. Sai a raba su gida-gida, a yi wa kowane ɓangare mai zagaye PSS ɗinsa, a haɗa sakamakon a samfurin fes.

Abba:
Tambaya ta ƙarshe, Injiniya. Zan haɗa miksa a kan fitar dibaidar, siginar rediyo mai shigowa, RF, a 2.401 GHz. Fund zai koma 1 MHz ke nan?

Injiniya Sabo:
Da LO ɗin, wato siginar 2.4 GHz mai tuƙa miksa, tushe ne mai tsayayyar mita, eh, kuma zagaye ɗaya zai ƙunshi zagayen LO 2,400, abin da ba ka so. Da VCO mai kaɗa kanta ma ba zai yiwu ba sam, tunda mitarta ba ta da alaƙa da ta RF. In ribar juyawa da hayaniya kake nema, mayar da tushen RF ya zama dc mai pacmag, ka bar PSS a 2.4G da LO kaɗai, pac da pnoise su yi sauran. In matsewar 1 dB ko IP3 kake so, cire VCO ka sa tushen LO a madadinsa, ka yi qpss (PSS na mita fiye da ɗaya) ko HB mai sauti biyu, LO a matsayin babban sauti da hamonik masu yawa, RF da 3 zuwa 5.